Tsohon tunani: yaya ake faɗinsa da Ingilishi da Fotugis ba tare da an zagi kowa ba?

Nura, Minas Gerais:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon masu Ingilishi da masu Fotugis gaba ɗaya. A nan Birazil dole kundin digiri ya zo da taƙaitaccen bayani iri biyu, "resumo" da Fotugis, "abstract" da Ingilishi, kuma ana so su tafi kafaɗa da kafaɗa. Aikina a kan barin itatuwa a cikin gona ne, wato shuka da bishiya a fili guda. Jimla ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Ina so in ce ra'ayin nan na cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, ba kututture ba bishiya, ra'ayi ne da zamani ya wuce shi. Da Ingilishi na sa "obsolete thinking", da Fotugis "pensamento obsoleto". Malamar da ke duba aikina ta ja layi a ƙarƙashinsa, ta rubuta a gefe cewa nahawu lafiya lau, amma ba haka ake faɗa ba, in sake nema. Ƙamus ya jero mini "antiquado", "ultrapassado", "arcaico", "retrógrado", "atrasado", "caduco", bai ce ga wadda ta dace ba. Kuma ba na son kalmar da za ta zama zagi ga manoma, don mahaifina ma haka yake share tasa gonar.

Malam Sani, Zariya:
Wa alaikumus salam Nura. Gyara Ingilishin tukuna, daga can matsalar ta taso. "Obsolete" kalma ce ta kayan aiki: tafireta, kaset, wayar tangaraho. Abu ne da ya yi aiki a lokacinsa, yanzu an sami wanda ya maye gurbinsa, an daina ƙera shi, kayan gyaransa ma sun ɓace a kasuwa. Masu ƙamus kuma suna liƙa ta a kan kalmar da aka daina faɗa kwata-kwata. In ka ce "obsolete idea" ba ka yi kuskure ba, amma ka mayar da ra'ayi inji, kuma ka yi da'awar cewa babu mai amfani da shi yanzu. Wadda bakin Bature ya fi sabawa da ita a kan ra'ayi ita ce "outdated". In ana son rubutu mai ɗan nauyi, "outmoded".

"Old-fashioned" kada ka kusance ta a nan. Ta fi zama a kan ɗabi'a da sutura, kuma sau da yawa akwai ƙauna a ciki. In an ce mutum yana da "old-fashioned manners" yabonsa aka yi, ana nufin ladabi irin na mutan da. "Antiquated" akwai raini a cikinta, ana jefa ta ga dokoki da tsarin ofis da suka tsufa suna wahalar da jama'a. "Archaic" ta fi nisa, abin da ya kwashe ɗaruruwan shekaru.

Sai "thinking" ɗin. A rubutun masana "current thinking" na nufin inda akasarin masu fannin suka tsaya a yanzu. Kai kuwa ra'ayi ɗaya tak kake suka, saboda haka "view" ta fi zama daidai.

Dakta Hadiza, Kaduna:
Malam, a ba ni dama in ƙara biyu da muke cin karo da su a mujallun likitanci, don ina ga bambancinsu ne zai raba wa Nura gardama: "discredited" da "superseded".

Shekaru da dama ana koyar da likitoci cewa damuwa da yawan asid ne ke kawo gyambon ciki. Ana ba mutane madara, a hana su yaji, wasu har a yi musu tiyata. A farkon shekarun 1980 Barry Marshall da Robin Warren a Ostareliya suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, ke haddasa mafi yawansa. Marshall har shan ƙwayar ya yi a 1984 don ya tabbatar, kuma an ba su kyautar Nobel a 2005. Tsohon bayanin nan hujja ce ta rushe shi, shi ne "discredited". Lissafin Newton kuwa, da Einstein ya zo da nasa a 1915, bai zama ƙarya ba, injiniya har gobe da shi yake gina gada. An dai sami wanda ya fi shi faɗi. Wannan shi ne "superseded".

To Nura, share gona tas ɗin nan, ya taɓa zama daidai sannan aka wuce shi, ko kuwa tun asali kuskure ne?

Nura, Minas Gerais:
Anti Dakta, tambayar nan ta tsayar da ni. Mai tarakta da babban injin girbi yana da dalilinsa na ƙin kututture, ba zan ce masa ƙarya yake ba. Amma a ƙasa mai zafi da iska da ruwa mai dukan ƙasa, ɓarnar ta fi ribar yawa. Kamar yana tsakani ne.

Mahamadu, Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni malamin gona ne, Ingilishi da Fotugis duk ba nawa ba ne, amma maganar gonar tawa ce. Nura ƙanena, kafin a zaɓi kalma a duba shekarun ra'ayin kansa.

Share gona tas ba tunanin kakanninmu ba ne. Tsofaffi ba su sare gawo, don sun san shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, gero ma ya fi kyau a ƙarƙashinsa. Da rani dabbobi su taru su ci ƴaƴansa, su bar taki a wurin. A Damagaram har yau ana ba da labarin sarkin da ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo.

Wanda ya zo da gona fes shi ne zamani. Noman gyaɗa don fitarwa waje, garmar shanu da ba ta son karo da kututture, da malaman gona irina da aka koyar a lakwal cewa manomin kirki shi ne wanda ya tumɓuke komai. Ga dokar gandun daji da aka gada daga Faransa, wadda ta mayar da itace na gwamnati ko da a gonarka ya tsiro. In ya girma ka sare reshe a ci ka tara, to sai manomi ya ga gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Da fili ya zama fayau, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, a yi ta maimaita shuka a damina guda.

A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a nan, ya lura cewa kututturan kalgo da sabara da ake sassabewa duk shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. In ka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi ka bari, ka yanke sauran, ka yi musu aski daga ƙasa, cikin ƴan shekaru sun zama itace. Bayan yunwar 1984 abin ya fara bazuwa. Muna ce masa sassabin zamani. Waɗanda suka fara dariya aka yi musu, ana cewa gonarsu ƙazama ce, su ragwaye ne. Daga baya hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna kusan hekta miliyan 5 da itatuwa suka dawo a kudancin Nijar.

Don haka in ka sa kalma mai nufin abin kaka da kakanni, ka juya tarihi, ka ɗora wa manomi laifin da na ofis ne. Mu da Faransanci "dépassé" muke cewa.

Malam Sani, Zariya:
Allah ya saka da alheri Malam Mahamadu. "Archaic" ta fita ke nan, tare da duk danginta.

Hajiya Rabi, tafinta, Abuja:
Nura ɗana, malamarka ta yi gaskiya, kuma kalmomin biyu duk suna da matsala, ba ɗaya ba.

"Obsoleto" halinta ɗaya da 'yar'uwarta ta Ingilishi, uwarsu ɗaya a Latin. Za ka ji "equipamento obsoleto", "tecnologia obsoleta". "Pensamento" kuma ta yi wa jimlarka nauyi. Ita ake sawa in ana maganar ɗaukacin tunanin wani masanin falsafa ko wata mazhaba. Mutane da yawa sai su gudu zuwa "mentalidade", kuma lallai "mentalidade ultrapassada" magana ce da za ka ji kullum a rediyo. Amma "mentalidade" tana nuna mutane da yatsa, tana cewa haka kansu yake. Tunda ba ka son taɓa manoma, ɗauki "visão". Ita ra'ayin take kamawa, ta bar mai shi.

Sifar kuma, "ultrapassada". Daga "ultrapassar" take, wuce mota a kan hanya, shi ya sa za ka ga allon "proibido ultrapassar" a titunanku. Ba ta ce abin ya lalace ba, ba ta ce wauta ne ba, ta ce dai an wuce shi. Ita ce "dépassé" ɗin Malam Mahamadu, ita ce "outdated" ɗin Malam Sani. "Superada" ta fi ta yanke hukunci: in masani ya rubuta "teoria superada" yana nufin an gama muhawara an rufe littafi. Ta fi kusa da "superseded" ɗin Dakta. "Defasada", kamar yadda kuke faɗa a Birazil, ko "desfasada" a Fotugal, abin da ya kasa bin sawun yanzu ne, kamar albashin da hauhawar farashi ta bari a baya ko manhajar makaranta da ba a sabunta ba. Gyara yake nema, ba zubarwa ba.

Sauran da ƙamus ya ba ka: "antiquado" ta kaya ce da ɗabi'u, kuma ba ta da ɗumin nan na "old-fashioned". "Retrógrado" kalmar faɗan siyasa ce, mai son mayar da hannun agogo baya da gangan. "Caduco" tana kan doka ko takardar da wa'adinta ya ƙare, tana kuma kan tsohon da ya fara ruɗewa, ka ga ba ta da wurin zama a kundi. "Atrasado" kuwa, bar ta inda ka gan ta.

Alhaji Ilu, Namfula:
Hajiya, ki bar ni in yi bayanin "atrasado", don ni a kasuwa na koyi Fotugis a nan Mozambik, ba a aji ba. In ka ce "estou atrasado" ka makara ne kawai, kowa na faɗa da safe. Amma ka ce wa mutum "és atrasado", ko ka ce "povo atrasado", ka taɓo tsohon miki. Na ga wani yaro ɗan uwanmu sabon zuwa ya faɗa wa wani dattijo mai ɗauko mana kaya, saboda dattijon ya ƙi karɓar kuɗi ta waya sai a hannu. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ajiye buhun a bakin shago, ya cire hularsa ya kaɗe ta ya mayar, ya tafi bai karɓi ko sisi ba. Sai da muka aika manya gidansa da ban haƙuri.

Dalili kuwa, a zamanin mulkin Fotugal akwai doka da ta raba baƙar fata gida biyu a Mozambik da Angola da Gini Bisau: "indígena" da "assimilado". Kafin a ba ka takardar "assimilado" sai ka nuna ka iya Fotugis, kana da abin yi, ka bar al'adun gidanku. Wanda bai samu ba ana iya kama shi aikin tilas. Sai a 1961 aka soke dokar. Masu shekara 70 zuwa sama a nan sun ga ƙarshenta da idonsu, kuma da irin kalmar nan aka riƙa kiran iyayensu.

In kana son ka ce wa tsoho tsoho a nan, "madala" ake cewa. A Angola "kota", kuma girmamawa ce.

Malam Sani, Zariya:
Daidai da "backward" ke nan a Ingilishi, Alhaji. Rahotannin Turawan mulki cike suke da ita. Har majalisun duniya sai da suka bar "backward countries" suka koma "underdeveloped", daga baya "developing".

Nura, Minas Gerais:
Na gode ƙwarai iyayena. Bayanin Malam Mahamadu ya tuna mini cewa nan ma haka tarihin yake. Baƙin da suka zo kudancin Birazil daga Turai sun zo da garmarsu mai kifar da ƙasa, wadda ta dace da ƙasar da ke daskarewa da sanyi. A Paraná ruwan sama ya riƙa kwashe gonaki yana zubawa a kogi. A 1972 wani manomi, Herbert Bartz, a garin Rolândia, ya fara shuka kai tsaye a kan karan da aka bari ba tare da huɗa ba, abin da suke kira "plantio direto". Maƙwabta suka ce ya haukace. Yanzu shi ne ruwan dare a manyan gonakin ƙasar.

Na gyara zuwa "an outdated view" da "uma visão ultrapassada".

Mahamadu, Maraɗi:
Da sauran abu ɗaya. Mai karatu zai ɗauka an daina. Ba a daina ba, kai da kanka ka ce mahaifinka na yi, kuma har yanzu akwai furoje, wato ayyukan tallafi, da ke raba taki da sharaɗin a tumɓuke kututture.

Hajiya Rabi, tafinta, Abuja:
To ya ƙara: "uma visão ultrapassada, mas ainda difundida". Da Ingilishi "an outdated but still widespread view". Ka ga da "obsolete" ka bari, da rabin jimlar ya ƙaryata ɗaya rabin.

Nura, Minas Gerais:
Na sa haka, na tura mata. Allah ya bar zumunci.

Zainab, Manchesta:
Na karanta duka, na ƙaru, amma akwai abin da ke damuna. Tun daga sama ana ta neman kalma mai laushi, kada a taɓa kowa. A kan gona na yarda. Amma akwai tunanin da ke cutar da mutane yau ɗin nan. Mutumin da ya cire 'yarsa daga makaranta don wai ilimin mace ɓata lokaci ne, in na ce ra'ayinsa "outdated" ne, kamar na ce a da daidai ne, yanzu ne ya tsufa. Bai taɓa zama daidai ba. Nana Asma'u tana karantar da mata a ƙarni na 19. A nan ni "backward" zan ce, kuma ba zan ba da haƙuri ba.

Dakta Hadiza, Kaduna:
Zainab ta kama wani abu. "Outdated" tana ɗauke da afuwa a ciki, tana ba ra'ayin shaidar cewa ya yi zamaninsa.

Hajiya Rabi, tafinta, Abuja:
Ƙanwata, fushinki a kan hanya yake, kalmar ce ba ta kai shi inda kike so ba. Abin da kike nufi a Fotugis "retrógrado" ne, a Ingilishi "regressive". Su ne ke cewa ra'ayin yana jan al'umma baya, kuma mai shi zaɓa ya yi. A Birazil in faɗan ya yi zafi har "reacionário" suke cewa, matasa su gajarta ta zuwa "reaça". "Backward" da "atrasado" kuwa ba zaɓi suke zargi ba, asali suke zargi. Suna cewa mutumin bai waye ba, irin mutanensu haka suke. In kin faɗa a Manchesta a gaban Turawa, ba mahaifin yarinyar kaɗai za su ji ba, har ke da ni za su haɗa.

Zainab, Manchesta:
Anti, na ji, "regressive" ta fi daidai a rubutu. Amma a baki ba ta da zafi. Ba na jin wanda aka ce wa "regressive" zai kasa barci.

Malam Sani, Zariya:
'Yata, in zafi kike nema Ingilishi bai rasa ba: "dinosaur", "stuck in the past", "behind the times", "past its sell-by date" da mutanen Ingila ke aro daga kwalin madara. Ku matasa kuma kun ƙaro "OK boomer", wadda ta zagaye duniya a 2019 bayan da Chlöe Swarbrick, 'yar majalisa mai shekara 25 a New Zealand, ta jefa wa wani da ya katse ta tana magana a kan sauyin yanayi. Mu nan Najeriya 'yan siyasa "analogue" suke ce wa juna. Abin da nake ƙi a yawancinsu shi ne ba sa amsa hujja, shekarun mutum suke ƙirgawa. Mahaifin da kika ambata yana iya zama ɗan shekara 35.

Ki dubi "Luddite". Yau duk wanda ya yi ɗari-ɗari da sabuwar na'ura sai a ce masa haka, kamar wawa ne mai tsoron inji. Su kuwa masaƙa ne ƙwararru da suka fara fasa injuna a yankin Nottingham a 1811, don masu masana'anta suna amfani da injunan wajen karya lada da fitar da kaya marasa inganci. A 1812 majalisa ta mayar da fasa injin saƙa laifin kisa, a farkon 1813 aka rataye wasu a York. Mutane ne da suka ga abincinsu zai tafi, kuma ya tafi.

Nura, Minas Gerais:
Na baki a nan suna da yawa. "Careta" da "quadrado" ga mutumin da ba ya son sabon abu. "Parou no tempo", wato lokacinsa ya tsaya cak. "Cheira a mofo", yana warin fumfuna. "Tiozão do zap" ga kawun nan mai tura duk abin da ya gani a WhatsApp. Tsofaffi kuma suna cewa abu "do tempo do Onça" ne, ana danganta shi da wani gwamnan Rio, Luís Vahia Monteiro, da ya yi mulki daga 1725 zuwa 1732, wanda ake wa laƙabi da Onça, damisar ƙasar nan.

Hajiya Rabi, tafinta, Abuja:
Kada ka ɗauke su ka kai Lisbon, ba duka za su yi aiki ba. A can "careta" yatsina fuska ce. Nasu shi ne "bota de elástico", mai takalmin roba irin na da, ga wanda ya ƙi sauyi, da "do tempo da Maria Cachucha" ga abin da ya tsufa tukuf. "Kota" ɗin Alhaji ma ta shiga bakin matasan Lisbon a matsayin "cota", amma girmamawar ta ragu a hanya.

Babbansu shi ne "Velho do Restelo", Tsohon Restelo. Ba za ka yi mako kana karanta jaridun Fotugal ba ka gamu da shi ba. Duk wanda ya soki sabon filin jirgi ko babban aikin gwamnati, minista zai ce masa Velho do Restelo ne. Daga waƙar mawaƙin Fotugal Camões yake, Os Lusíadas, da aka buga a 1572. A babi na huɗu, lokacin da jiragen Vasco da Gama za su tashi daga gaɓar Restelo da ke Lisbon a 1497 zuwa Indiya, wani dattijo ya ɗaga murya daga cikin taro yana tsine wa kwaɗayin mulki da neman suna, yana gargaɗin mace-mace da gidajen da za su zama kango. Kowane ɗan makaranta a Fotugal ya karanta wurin.

Zainab, Manchesta:
To ai shi ne misalin abin da nake faɗa. Da an bi ta tsohon, da ba a je ko'ina ba. Kowane zamani akwai mai cewa a zauna.

Alhaji Ilu, Namfula:
'Yata, ni ina zaune a inda jiragen suka iso. Tsibirin Mozambik a jiharmu yake, ana zuwa a mota a tsallaka gada. A watan Maris na 1498 da Gama ya sauka can ya tarar da gari na Musulmi, da sarkinsu, da jiragen fatake masu zuwa Indiya tun kafin a haifi kakansa. Kafin ya bar wurin sai da ya buɗe wa garin wuta da igwa. Daga baya Turawan Fotugal suka dawo suka gina ganuwar São Sebastião, tana nan tsaye, kuma ta tsibirin aka yi ta fitar da bayi. Mutanen Vasco da Gama kansu fiye da rabi ba su koma gida ba. In ka tambayi mutanen tsibirin nan, ba za su ce tsohon ya yi ƙarya ba.

Malam Sani, Zariya:
Shi ya sa masu nazarin adabinsu har yau ba su daidaita ba a kan ko mawaƙin ba'a yake wa tsohon ko kuwa ta bakinsa ya faɗi abin da ke ransa. Ya ba shi baitoci masu ƙarfi ƙwarai, ba irin waɗanda ake ba wanda ake son a yi wa dariya ba.

Zainab, Manchesta:
Baba Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, ban kalli abin ta gefen tsibirin ba. Amma ina nan a kan bakana game da yarinyar da aka cire daga makaranta. Tsohon Restelo ya yi gargaɗi ne a kan cutar da za a yi wa wasu. Mahaifin nan shi ne mai cutarwar. Ba zan sa su a layi ɗaya ba don kawai dukansu sun ce a'a ga sabon abu.

Dakta Hadiza, Kaduna:
Ba wanda ya sa su, Zainab. Hajiya ta ba ki "retrógrado" don mahaifin, kuma ba ta ba tsohon ba.

Alhaji Ilu, Namfula:
Hajiya, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Yarona a makaranta a nan yana rubuta "desactualizado" da "c", na ga a takardun da ke zuwa mana daga Birazil babu "c". Wanne zan ce masa ya bi? Kuma ita ma tana shiga layin waɗannan kalmomi?

Hajiya Rabi, tafinta, Abuja:
Ya bi na malaminsa, Alhaji. Yarjejeniyar daidaita rubutu da ƙasashen suka sa wa hannu a Lisbon a 1990 ta cire baƙaƙen da ba a furtawa. Fotugal ta kammala komawa sabon rubutu a 2015, Birazil ta wajabta shi daga farkon 2016, ko da yake su dama sun daɗe ba sa rubuta wannan "c" ɗin. Angola ba ta amince da yarjejeniyar ba, a Mozambik kuma jaridu da makarantu suna nan a kan "actual" da "acção". In ya cire "c" a jarrabawa a Namfula ana iya rage masa maki.

Kalmar kuma ta bayanai ce: jerin farashi, adireshi, taswira, manhajar waya. In an ce likita ko malami "está desactualizado", ana nufin bai karanta abin da ya fito kwanan nan ba, ya je ya karanta. Ba a sa ta a kan aƙida.